Saitin da Baba Ya Bari

Daga wurin Allah muka zo, wurinSa za mu koma, kuma surukina, mahaifin matata, ya riga mu tafiya a farkon kakar bana, lokacin da ganyen itatuwan Manassas, garinsu a nan ƙasar Turawa, ya fara yin ja. Ciwon bai zo masa da gaggawa ba. Ya ja shi a hankali tun daga bazara, har ya samu ya yi sallama da kowa, ya yafe, aka yafe masa.

Ranar zaman makoki falon ya cika har kan matattakalar bene. Takalma suka taru a bakin ƙofa, har maƙwabcinsu Bature ya fito yana tambaya ko lafiya, da aka gaya masa sai ya cire hularsa ya tsaya a gefen mota. Mutanenmu na garin Mitchellville sun iso a makare saboda cunkoson hanya, suka shigo suna ba da haƙuri kamar mamacin zai ji haushi. Abokan aikinsa na asibiti, inda ya shekara da shekaru yana gyaran injinan ɗaukar hoto, suka ce ba su taɓa ganin mutum mai bin aiki daki-daki irinsa ba. Liman ya ce sahun farko ya yi giɓi. Amma na lura da wani abu: duk wanda ya fara yabonsa, ba ya nisa sai ya faɗa zancen barewa.

Wata dattijuwa 'yar Nijar, wadda mijinta ya rasu da daɗewa, ta riƙe hannun Hajiya, surukata, ta ce, "Tun da maigidana ya tafi, ba shekarar da Alhaji bai aiko mini da cinya ba. Bana firizana zai san an yi mutuwa." Aka yi 'yar dariya, ita ma ta yi, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. A bakin ƙofa kuma amininsa na zaune, wani dattijo Kirista mutumin Jos, tsohon ma'aikacin jinya, abokin farautarsa. In an ɗaga hannu ana addu'a shi ma ya ɗaga nasa, in an shafa ya shafa.

Baba maharbi ne. Ɗan maharbi ne ma, daga wani ƙauye a ƙasar Ningi, inda mahaifinsa ke shiga daji da harba-ka-ruga. Da ya zo ƙasar nan ya tarar barewa na yawo har bayan gidajen mutane tana cinye musu furanni, sai ya yanki lasisi, ya sayi bindiga guda ɗaya, kuma ita ce a hannunsa har ya bar duniya. Duk kaka, in an buɗe lokacin farauta, yakan kawo barewa ɗaya ko biyu, wadda ya harba da bisimilla, a raba gida-gida daga Manassas har Woodbridge har tsallaken kogi. Ga mutanen da suka gaji da naman kanti, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan an tashi daga zaman makoki, ƙanin matata, ɗan Baba namiji tilo, ya tara mu a falo. Likita ne, a nan ya tashi, Hausarsa na fita da ƙyar amma zuciyarsa fara ce. Ya ce akwai maganar bindiga. Shi ba ya harbi, ba ya son ta a gidansa, kuma ba ya son a bar Hajiya da ita. In an yi sadakar arba'in zai mayar da ita shagon da aka saye ta, a huta. Kowa ya ce hakan ya yi. Ni ma na gyaɗa kai, don suruki ba shi da baki a kayan gado, kuma ko da ina da shi kunya ba za ta bar ni in buɗe ba. Abu ɗaya kawai na roƙa. Na ce kafin a mayar da ita a ba ni aron ta yini guda, in kai ta filin gwajin harbi.

Ya ce, "Ba matsala, Yaya. Amma me za ka gwada?"

Na ce ina so in ga ko saitin Baba zai dawo. Bai gane ba, kuma ban ga laifinsa ba. Don a gane, sai na koma baya.

Ni mijin 'yarsa ta fari ne, kuma duk Bahaushe ya san nauyin wannan. Ita kanta bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "Uwata". Ni kuwa "Malam" nake, tun ranar da na je gaishe shi da hula a kaina da gumi a bayana. Mun tsallako teku, mun saba da dusar ƙanƙara da jirgin ƙasan asuba, amma kunyar surukuta ta biyo mu ba ta rage komai ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In ya shigo falo na sauka daga kujera zuwa kafet. Hirarmu duk tsawon shekarun nan ba ta wuce ina aiki, ina yara, yaya hanya. Bai taɓa ɓata mini rai ba, bai kuma taɓa yaba mini ba. Gaskiya, abin yana damuna. Na sha tambayar matata ko Baba na ganina da daraja kuwa, sai ta ce, "In ba ya ganinka da daraja da ka sani." Wannan amsa ba ta taɓa ƙosar da ni ba.

Shekarar da aka yi masa aikin ido ne Hajiya ta kira ni ta ce likitan ido ya hana shi tuƙi, ga lokacin farauta ya matso, ga shi ya tayar da hankalin gida. Ko zan kai shi filin gwaji? Haka na zama direbansa, kuma ko da idon ya warke bai sallame ni ba. A filin nan na gano wani abu mai daɗi. Kowa na sanye da abin toshe kunne, ba mai jin wani, don haka ba a bukatar magana, kunya kuma ta rasa aikin yi. Nan ne kaɗai wurin da na taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da surukina a benci ɗaya. In yana son harsashi ya miƙo tafin hannu. In harbi ya yi kyau ya ɗaga gira.

Bindigar tana da madubi a samanta, wani bututu mai gilashi da ke jawo abin da ke nesa, da siraran layuka biyu da suka gitta a tsakiya. Saiti shi ne a daidaita madubin har inda layukan suka haɗu ya zama nan harsashi ke sauka. Yawancin maharba in sun samu saiti ba sa ƙara taɓa madubin, a kan bindigar yake kwana shekara da shekaru. Baba kuwa dole ya cire nasa duk ƙarshen farauta, ya mayar duk farkon wata, kuma dalilin ba na ilimi ba ne, na Hajiya ne.

Lokacin da ya sayo bindigar yaran suna ƙanana, kuma Hajiya na kallon labaran harbe-harben ƙasar nan. Ta ce ko bindiga ko ita. Aka yi ta jan magana har aka tsaya a kan sharaɗi: bindiga a kulle cikin akwatin ƙarfe a ɗakin ƙasa, harsasai a wani makulli daban, madubi kuma a durowarta, naɗe cikin zani, tsakanin atamfofinta. Ba za su kwana ɗaki ɗaya ba. Baba ya ce mata ai bindiga na tashi ko ba madubi. Ta ce ta sani, amma shi da idon nan nasa ko ƙofar gareji ba zai samu ba sai da shi. Shi da kansa yake ba da labarin nan, yana dariya har hularsa na karkacewa. Yara suka girma suka watse, sharaɗin bai tashi ba. Duk kaka sai ya je ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Hajiya, a ba ni aron idona." Madubin kan fito yana ƙamshin turaren wuta.

To, madubin da aka cire aka mayar, in ba a yi hattara ba, saitinsa ya tafi. Kaucewar da ido ba zai gani ba a kan bindiga, a can nesa ta isa ta mayar da harbin ƙirji ya zama na ciki. Don haka Baba ya mayar da ɗora madubi wata ƙaramar ibada, kuma na kalle shi yana yin ta a gareji har na haddace.

Yakan shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur. Madubin na da zobba biyu da suka rungume shi, kuma waɗannan ba ya taɓa kwance su, tare da madubin suke fita, tare suke komawa. Abin da yake kwancewa kawai su ne sukurori biyu na ƙasa, masu kama doron ƙarfen da ke saman bindigar. Doron nan yana da tsaga-tsaga a jere, kuma kowane zobe da tsagarsa, ba ya canza masa gida. Sai ya goge tsagar da tsinke da ƙyalle, don ya ce ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta raba mutum da gaskiya. Ya ɗora, ya ɗaure da yatsu kawai, sannan ya sa babban yatsa ya tura madubin gaba, wajen bakin bindiga, har ya ji ya tokare. Ranar farko da ya ga ina kallo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In ta tashi baya take tokara, madubi kuma ya zame gaba. Gara ka kai shi inda za shi tun yanzu." Yana riƙe da shi a haka zai ɗaure na gaba, sannan na baya, kullum a wannan jerin. Kuma ba ya ɗaurewa da ƙarfin hannu. Yana da wani sukundireba da ke yin ƙas in ɗauri ya kai inda aka tsayar masa. Ya ce hannunsa na safe daban da na yamma, hannun mai azumi daban da na wanda ya ci tuwo, shi kuwa ƙarfen nan ba ya azumi.

Kowane wuri da alamarsa, ɗigon jan farce. Ɗigo a gefen tsagar zoben gaba, ɗigo a ta baya, ɗigo kuma a kan 'yan maɓallan juya saiti guda biyu, waɗanda ke ɓoye ƙarƙashin murfi. Asalin jan farcen na matata ne. Tana 'yar makaranta ta sayo, ya ƙwace ya ce yana hana alwala, ta yi kuka ta haƙura, ashe gareji ya kai shi. Da kwalbar ta bushe sai ya rasa yadda zai yi, dattijo da furfura ya tsaya a kanti yana zaɓen jan farce. Hajiya ya aika, ita kuma sai da ta ja masa rai kwana da kwanaki tana tambayarsa ko amarya zai yi.

Duk da wannan ƙa'ida, bai taɓa yarda saiti ya dawo ba sai ya gwada. Daga gareji sai fili, harsashi uku a takarda mai da'ira, a yadi ɗari. Kusan kullum ukun kan taru a tsakiya, wuri ɗaya da za a rufe da murfin kwalba. Na taɓa yin ƙarfin hali na ce, Baba, tunda kullum yana dawowa, me ya sa ake wahalar zuwa? Ya ce, "Malam, takarda ba ta jin zafi. Barewa tana ji, kuma ba ta yi mini laifin komai ba."

A kan wannan ne suka yi faɗansu ɗaya tilo da amininsa mutumin Jos. Wata shekara dattijon ya sayo sabon abin ɗora madubi mai 'yar maɗauri, a ɓalle a mayar cikin ƙiftawar ido, kuma mai shago ya tabbatar masa saiti ba ya motsi. Ya cire don tafiya, ya mayar, bai gwada ba. Muna cikin mota da sassafe, mun kusa dajin da suke farauta, zancen ya fito. Baba ya ce a juya a je fili. Dattijon ya ce, "Haba Alhaji, zamani ya wuce jan farce. An rubuta a jikin kwalin." Baba ya ce kwali ba zai bi jini a daji ba. Magana ta yi zafi, irin zafin dattawa, ba ɗaga murya sai gajerun kalmomi. Da muka isa Baba ya ƙi fita daga mota. Ya ce shi ba zai zama shaida ba.

Dattijon ya shiga shi kaɗai. Can muka ji harbi guda, sannan shiru mai tsawo, sannan ya fito fuskarsa ta sauya. Ya samu barewa a cinya, ta gudu da ƙafa uku. Baba ya buɗe ƙofa, ya ɗauki wuƙarsa, ya ce, "Nuna mini inda ta tsaya." Suka bi ɗigon jini a kan busasshen ganye, ina biye, tun hantsi har muka yi azahar a gindin itace, dattijon na tsaye yana jiran mu. Sai wajen la'asar muka same ta kwance a bakin wani rafi, idonta a buɗe, tana numfashi sama-sama. Baba ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo, ya dafa wuyanta, ya yi bisimilla ya yanka. Na ga leɓensa na motsi bayan nan, ban san me ya ce ba.

Bayan mun dawo suka yi makonni ba sa neman juna. Matansu ne ke ta waya suna kai gwauro suna kai mari. Ana gab da Kirsimeti Baba ya ce in kai shi gidan dattijon. Ya miƙa masa 'yar leda, a ciki akwai sukundireba mai ƙas da kwalbar jan farce sabuwa. Dattijon ya duba ya ce, "Alhaji, wannan launin bai dace da fatata ba." Suka tuntsire da dariya, aka kawo shayi. Daga ranar ban ƙara jin ɗayansu ya ta da zancen rafin nan ba, ko da wasa.

Ni fa duk shekarun nan ban taɓa harbin barewa ba. Na yi karatun ƙa'idar farauta, na yanki lasisi, amma aikina tuƙi da ɗaukar kaya da jan nama zuwa mota. A fili kaɗai, in ya gama gwajinsa, yakan turo mini bindigar a kan benci ya ajiye harsashi uku. Kuma kullum nawa kan taru wuri ɗaya, amma ba a tsakiya ba, sai hagu da ita kamar faɗin yatsu biyu. Na yi ta gyara zama, na canza tabarau, a banza. Baba ya ce ba laifi ba ne, kowa da yadda yake ɗora kuncinsa, kowa da yadda yake jan kunama. Saitin nasa ne, ya dace da idonsa da kafaɗarsa. Ban da haka ma, layukan cikin madubin kullum dishi-dishi nake ganinsu, don an juya gilashin baya daidai da tsohon ido. Sau ɗaya na ce ai zan iya karkatawa dama kaɗan in na shiga daji. Ya ce, "Ba a harbin rai da saitin wani." Maɓallan nan kuwa ba mai taɓa su sai shi. Na ɗauka wannan ita ce amsar tambayar da nake yi wa matata. Na isa in zauna kusa da shi, ban isa ya ba ni bindiga a daji ba. Abin ya yi mini ciwo, na haɗiye.

A bazarar bana, ciwo ya riga ya rage shi, na kai yara gaishe shi sai na tarar da shi a gareji zaune a kujerar roba, madubin a cinyarsa. Ba lokacin farauta ba ne, na yi mamaki. Ya ce, "Malam, duba mini ko ya yi hazo." Na ɗaga na kalli bango na ce gilashi garau yake, layukan ne dai dishi-dishi kamar kullum. Ya ce in juya zoben gilashin baya, na wajen ido, har su fito. Na juya, suka fito siriri, baƙi wuluk, yadda ban taɓa ganinsu ba. Na ce ba hazo, Baba. Ina shirin mayar da zoben inda yake sai ya miƙo hannu ya karɓe, ya ce yara na kira na. Ban kawo komai a raina ba. Wannan ce doguwar hirarmu ta ƙarshe.

Abin da nake so ke nan da aron yini guda. Saitin nan shi ne aikin ƙarshe da idon Baba ya yi. In na ɗora madubin yadda ya koya mini, na harba, na ga harsasaina sun sauka hagu da yatsu biyu kamar kullum, to saitinsa na nan, na gan shi sau ɗaya kafin bindigar ta tafi hannun baƙo. Ban da niyyar shiga daji, kuma ban da niyyar taɓa maɓallan.

Ranar Asabar da ke gaban sadakar arba'in na je Manassas da hantsi. Hajiya na cikin takaba, ta fito da ƙunshin zanin ta ajiye a kan kujera, ba ta miƙo mini hannu da hannu ba. Ta ce, "Ya ce in ka zo nema, a gaya maka ka gwada kafin komai." Na ce to, ai maganarsa ce ta kullum. Na shiga gareji na shimfiɗa tawul ɗin. Na goge tsaga, na ɗora zobba a kan jajayen ɗigo, na tura gaba har ya tokare, na ɗaure na gaba, na ɗaure na baya. Da sukundireban ya yi ƙas sai da na zauna na ɗan jima, don ƙarar ta cika garejin fiye da yadda na saba ji.

Dattijon Jos ya ce zai raka ni, na biya na ɗauke shi. A fili ya zauna inda nake zama, ni na zauna inda Baba ke zama, ya ɗauki tabaron hangen nesa. Na sa ido a madubi, layukan garau. Na tuna ranar gareji, na ce a raina Allah sarki, bai samu ƙarfin mayarwa ba. Na ɗora mahaɗar layukan a tsakiyar da'ira, na saki numfashi, na harba uku a natse.

Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini tabaron. Ukun suna tsakiya. Ba hagu ba, tsakiya cif.

Wani zai yi murna, ni kuwa na san abin da hakan ke nufi: na yi kuskure wajen ɗorawa, madubin ya kauce, saitin Baba ya tafi a hannuna. Na kwance, na sake gogewa, na sake ɗorawa a hankali, ina bin kowane mataki kamar yana tsaye a bayana. Na bari bindigar ta huce na sake harba uku. Suka shiga kusan ramukan farko. Na cire abin toshe kunne na ce wa dattijon na ɓata, ban san ta ina ba.

Ya ce, "Ɗana, abin da ya kauce ba ya kaucewa wuri ɗaya sau biyu. Buɗe murfin mu gani."

Na ce Baba ba ya bari a taɓa.

Ya ce, "Ban ce ka juya ba. Buɗewa na ce."

Na kwance murfin maɓallin gefe, wanda ke kai harbi hagu ko dama. Jan ɗigon Baba na nan, amma ya bar kan alamarsa, an juya shi gefe kaɗan. A daidai kan alamar akwai wani sabon ɗigo, fari, ɗan ƙarami, gefensa ya ɗan zame kamar hannun da ya ɗiga shi na rawa. Na juya madubin na duba zoben gilashin baya, wanda ya sa ni na juya a bazara. Shi ma da farin ɗigo, an tsayar da shi inda idona ya bar shi.

Baba bai bukaci in harba ba don ya yi wannan. Shekara da shekaru yana kallon takarduna ta tabaro yana ɗaga gira, ashe ya san yatsu biyun nan nawa fiye da yadda na san su. Ya juya maɓallin da kansa, ya share saitinsa da hannunsa, ya bar mini gwajin, don shi ba ya yarda da saitin da ba a gwada ba. Dattijon ya cire tabaransa yana goge su da bakin riga, ya ce, "Ni ya ba ni a leda. Kai kunya ta hana shi." Na mayar da abin toshe kunne, don kada in ji kaina, na yi kuka a benci mai cike da Turawa masu harbi, ba wanda ya kula.

Da na koma Manassas na tarar da ƙanin matata ya zo. Na ajiye takardun biyu, na buɗe murfin na nuna masa, na yi bayani iya yadda zan iya, rabi da Hausa rabi da Turanci. Hajiya daga bakin ƙofar ɗakinta ta ce ita ya aika ta sayo farin, har ta tambaye shi ko amaryar ce ta canza launi, ya ce a'a, ango ne. Likita ya daɗe yana kallon ɗigon. Sannan ya ce, da Hausarsa mai tsada, "Wannan Baba ya riga ya bayar. Ba na gado ba ne." Ya dubi 'yan'uwansa mata, suka ce haka ne.

Da aka buɗe farauta muka shiga daji ni da dattijon. Na samu barewa guda, harbi ɗaya a ƙirji, da bisimilla, ba ta yi nisa ba ta faɗi. Cinyar farko gidan dattijuwar nan 'yar Nijar ta tafi. Sauran aka raba yadda ya saba rabawa, Hajiya na faɗin gidajen daga ka, matata na ƙullawa a leda.

Da lokacin ya rufe na kwance sukurori biyun, na naɗe madubin a zaninsa, na kai wa Hajiya. Ta ƙi karɓa. Ta ce, "Ni na gama nawa gadin. Kai wa matarka." Na dawo da shi gidanmu a Woodbridge, na tsaya a ƙofar ɗaki da ƙunshi a hannu. Matata ta karɓa, ta kai shi hanci, turaren mahaifiyarta na jiki har yanzu. Ta buɗe durowa, ta ɗaga atamfofinta, ta kwantar da shi a tsakiya. Ba ta juyo ba ta ce, "Ba za su kwana ɗaki ɗaya ba. In kaka ta zo, ka zo ka roƙa."

Allah Ka gafarta wa Baba, Ka yalwata masa makwanci, Ka tausaya masa fiye da yadda ya tausaya wa dabbar da ba ta san sunansa ba. Mu kuma da ya bari, in tamu ta zo, Ka sa a same mu a daidai.